Lemu Biyu a Garkar Barmo

A garkar Barmo, can bayan Yelwa,
inda Kwara ke lasar gindin darni in ta cika,
itace biyu ke tsaye, taku bakwai a tsakaninsu.
Baƙo ya ce, ai duk lemun tsami ne.
Barmo ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Na farkon ba wanda ya shuka shi da niyya.
Tumba ce ta matsa a kunun gyaɗa,
ta watsar da 'ya'yan bayan randa,
damina ta ƙarasa aikin.
Ya tashi da ƙaya, yana kama riga kamar mai bin bashi.
Ɗansa bai kai ƙwan zabuwa ba,
fata siririya, ciki cunkus da iri,
amma ɗigo uku a kan ragon ruwa,
ƙarni ya tattara nasa ya nasa.

Na biyun malamin gona ya kawo shi a bayan babur,
cikin baƙar leda, da ɗaurin roba a ƙugu.
Ɗan aure ne: kai na wani, saiwa ta wani.
Ba ƙaya, ba iri.
Sumul, ya cika tafin hannu,
ruwa kamar an huda salka,
tsaminsa mai ladabi, irin na ɗan birni.

Ran kasuwa masu shayi shi suke ɗauka,
yana yi wa tebur kyau.
Mata masu suyar kifi a bakin tasha kuwa
sai su ture shi da bayan hannu,
su ce, yaro, ina ƙanana?

Da yana ta rufe idon Barmo
nakan gwada shi. In ɗora masa biyu a cinya.
Ya kankare kowanne da farcen babban yatsa.
Wanga, ya ce, tun daga zaure yake sallama.
Wanga kau sai ka tambai sunanai.

Shekarar da ruwa ya kwana tara a garka
duka biyun suka kaɗe ganye.
Muka ce shi ke nan.

Da bazara ɗan auren ya yi toho,
amma daga ƙasan ɗauri,
wani baƙon reshe mai ƙaya kamar basilla,
ɗansa gwarje-gwarje, ɗaci har ka.
Ashe mai saiwar yana nan, shiru kawai ya yi.

Na Tumba bai farfaɗo ba. Mun yi wuta da shi.
Sai ga su a bakin kwata, a gindin turmi,
har cikin tsagar dakali,
ƙananan ganye biyu-biyu.
Na ƙirga goma sha ɗaya.

Barmo bai gan su ba.
Na murje ganye ɗaya na kai masa hanci.
Ya daɗe bai ce komai ba.
Can ya ce, a kewaye su da ƙaya,
awakin Ɗantani ba su da kunya.