Mai Ƙin Ruwa

Dorin ta miƙo min shi ta kan katanga
a tsohon kofin shayi mai karyayyen hannu:
reshe uku, ganye ɓul-ɓul
kamar yatsun jinjiri.
Ta ce sunansa sidam.
Na ce a raina, ai dangin harshen saniya ne
da muke tugewa a bayan gida a Gumel.

Ni 'yar ƙasar da ake roƙon ruwa ce,
ban san wata ƙauna ba sai shayarwa.
In zan fita aikin dare in ba shi,
in na dawo da asuba in ƙara.
Mako uku, gindinsa ya yi baƙi.
Na taɓa shi, ya narke a hannuna.

Dorin ta leƙo, ta kaɗa furfura.
"Kin shaƙe shi, Tasalla.
A Shefil sama ba ta gajiya da zuba,
ke kuma kin zo da butarki."

Ta tsinke reshe ɗaya da ya sha da ƙyar,
ta shanya shi kwana biyu a kan jarida
har bakin raunin ya bushe.
Muka cusa shi a tsagar matakala:
tsakuwa, yashi, ƙasa cikin cokali.
"To, ki manta da shi."

Ashe mantuwa ta fi shayarwa wuya.

A hunturun nan Sagir ya tafi jami'a.
Ka ci abinci? Ka sa rigar sanyi?
Sau uku a yini, har ya daina ɗagawa.
Na kife wayar a kan firji,
na naɗe hannuwana.
A waje ƙanƙara ta kwanta a kan shukar,
ganyen ya rine ja kamar an ƙunsa masa lalle.
Na yi masa ta'aziyya a zuci, na wuce.

Watan Yuni na buɗe ƙofa.
Bai yi tsawo ba, ko idon sawu bai kai ba,
rarrafe ya yi, ya cinye mataki biyu,
ya watsa taurari masu ruwan ɗorawa,
ƙudan zuma na ta ciniki a kai.

Ran Juma'a waya ta yi ƙara da kanta:
"Umma, yaya ake haɗa miyar kuka?"

Gidan Dorin yanzu allon sayarwa ne a gaba.
An mai da ita gidan tsofaffi, can bayan asibiti,
ɗakinta da taga mai kallon rana.
Na tsinki reshe uku,
na sa a kofin nan mai karyayyen hannu.

Butar na nan kusa da ƙafata.
Ban ɗauka ba.