Kwalba Cikin Safa

Daren Alhamis, a bayan shagon Orval,
inda ƙusoshi da gwangwanayen fenti ke kwana,
ruwan kaka na dukan kwanon rufi
kamar Kentaki duka ta tsiyayo kanmu.
Mu biyar ne, sai kare, sai murhu.

Lorene ce ta zo da ita,
ta cusa ta cikin tsohuwar safar mijinta
don kada ido ya riga harshe yanke hukunci.
"Ran Litinin ta fito," in ji ta,
"kada wanda ya tambaye ni kuɗinta."
Tambulan uku gaban kowa:
biyu daga kabad ɗin Hobart mai kwaɗo,
ɗaya daga safa.

Hobart Caudill, likitan haƙori,
kwalba ɗari uku gare shi a ɗakin ƙasa,
rabinsu ba su taɓa shan iska ba.
Yakan bi layi tun asuba, hannu cikin hammata,
don wiski guda mai kuɗin tayoyin mota.
Ya ce, "Araha ba ta ado,"
ya tura hanci cikin tambulan na tsakiya,
ya daɗe bai dawo ba.

Marisol ta ce ta ji soyayyar gyaɗa
da sukarin da ya kama gindin tukunya.
Orval ya ce a'a, fatar sirdin kakansa ce
ranar da rana ta buge ta.
Lorene ta kurɓa, ta yi tari, ta goge ido:
"Tana da cizo a ƙarshe,
irin na ɗan kwikwiyo, ba da mugunta ba."
Aka ɗiga mata ruwa kaɗan, ta kwanta,
masara ta fito fili tana murmushi.

Orval ya ɗaga yatsa, ya karanto sharaɗin
yadda ya saba, ko an tambaya ko ba a tambaya ba:
gida ɗaya ya dafa, a zango ɗaya na shekara,
shekara huɗu a kulle cikin ganga ƙonanniya
ƙarƙashin idon hukuma,
rabi ruwa, rabi wuta, ba ƙari ba ragi.
Kare ya yi hamma.

Muka rubuta zaɓi a bayan rasit.
Huɗu sun faɗa kan na tsakiya,
har da rubutun likita mai kama da tafiyar tsutsa.
Lorene ta zare safa a hankali.
Dala ashirin da biyu, ga tambarin farashi bai ko bushe ba.

Hobart ya cire tabarau, ya mayar.
Can ya ce, "Guda nawa suka rage a kanta?"
"Kul," in ji Lorene. "Ku ne masu kwashewa.
Wata mai zuwa ta koma sittin,
direban babbar mota ya dawo yana kallonta ta gilashi."

Ni kuwa kwanan watan nake dubawa.
Kaka huɗu baya, ni na mirgina gangunan nan
zuwa hawa na shida, inda zafi ke dafa katako,
inda abin da ya tsere sama
muke ce masa rabon mala'iku.
A can gwiwata ta ce ta gaji,
aka sallame ni da agogo da musafaha.

Kuma ni kaɗai ne ban zaɓe ta ba.
Na bi ta Hobart, mai tsadar nan.
Ɗiyar da na goya ta wuce ta gabana
ban gane fuskarta ba.

Marisol ta yi dariya har ta riƙe ciki.
Na miƙa tambulan, na ce a ƙara mini yatsa ɗaya,
mu sake gaisawa.