Tsagar da Na Yi wa Turba

Ranar da na koyi danne birkin baya
a gangaren Kwatarkwashi,
taya ta daina juyi, ta tirje,
gindin keke ya wulga hagu kamar wutsiyar kada.
Tsakuwa ta watse, yaran gindin tsamiya suka sa ihu.
Na koma sama na sake. Sau tara na sake.
Ban waiwaya ba.

Sai ruwan Yuli ya sauko da dare,
ya tarar na share masa hanya.
Ruwa ba ya ƙin tayi.
Ya bi sawuna, ya ƙwaƙule, ya zurfafa,
layin da bai kai faɗin yatsa uku ba
kafin kasuwa ta zagayo ya haɗiye ƙafar jakin Nomau,
buhun taki ya fashe a kan marmara.

Nomau bai zage ni ba. Da ma ya zaga.
Cewa ya yi, "Ɗan'ige, turbar nan ta girmi kakanka,
ba wanda ya taɓa yi mata tsaga sai kai."

Labbo mai faci yana duba tayata da ta suɗe,
bai ko ɗago kai ba:
"Tayar da ta daina juyi ta daina jin magana.
Yatsa ɗaya kan kowane birki,
matsa kamar mai taɓa mangwaro ya ji ko ya nuna.
Ja jikinka bayan sirdi, sauke diddige,
kashe gudu kafin kwana, ba a cikinta ba.
In tirjiya kake so, ga fako can bayan makaranta."

Yanzu nakan kaɗa ƙararrawa tun kafin lungun dutse.
Mai hawowa nakan kauce masa,
shi ke da numfashi a wuya.
Inna Tumba da dammin itace a ka ba ta iya waiwaye,
sai in sa ƙafa ƙasa, in ce sannu da aiki,
in jira ta wuce da awakinta duka bakwai.
In an kwana ana ruwa, keke ya wuni a zaure.

Jiya da fartanya na hau, da kwando.
Dutse sittin da ɗaya na jera a bakin raunin,
Nomau na miƙo ƙasa, bai ce komai ba.

Amma ba zan ɓoye ba:
duk sanda na kawo wannan kwanar,
yatsan nan yakan yi ƙaiƙayi,
sai in ciji leɓe, in bar taya ta juya.