Daƙiƙa Goma Sha Bakwai

A Vardø, cikin watan da rana ba ta leƙowa,
na gaji manhajar Torleif Mikkola.
Bai bar mini gida ba, bai bar mini jirgi ba,
sai layi dubu tara na rubutu
da kowa a duniya ke iya buɗewa,
ya ɗiba, ya gyara, ya yi gaba abinsa
ko sannu babu.

Aikinta ɗaya ne:
ta tambayi ma'aunin bakin teku ina ruwa ya kai,
ta gaya wa masunta kafin su kwance igiya.

A fayil ɗin saiti, layi na arba'in da ɗaya,
ya sa a jira daƙiƙa goma sha bakwai.
A samansa, inda na'ura ke tsallakewa ba ta karantawa,
ya bar wa 'yan Adam kalma uku:
Kada a rage.

Shi ke nan. Ba dalili, ba ƙarin bayani.
Torleif mutum ne mai rowar magana,
gaisuwa ma da haɓa yake amsawa.

Sai wani yaro daga Valdivia, Nahuel sunansa,
ya aiko da gyara cikin ladabi:
sha bakwai ta yi yawa, biyu ta wadatar,
na gwada sau ɗari, ba abin da ya karye.
Da gaskiyarsa. Ni ma na gwada
a ɗaki mai ɗumi, kofi na tururi a gefe,
komai ya tafi sumul.
Yatsana na kan maɓallin amincewa
na tuna mamacin bai taɓa ɓarnar kalma ɗaya ba,
balle uku.

Na shiga tarihin canje-canje kamar mai yasar rijiya,
ina kwaso shekara a kan shekara.
Can ƙasa na iske wani daren Janairu:
biyu ta koma biyar,
biyar ta koma tara,
tara ta koma sha bakwai da ƙarfe huɗu na asuba.
Daga nan hannunsa bai sake taɓa layin ba.

Na ɗaura takalmin ƙanƙara na gangara tasha.
Signe Bjørkås, mai kula da ma'aunin,
ta haska mini akwatin ƙarfe a jikin ginshiƙi.
Ta ce, in sanyi ya yi sanyi, abin nan suma yake yi.
In an taɓa shi, a hankali yake farfaɗowa,
kuma duk wanda ya tambaye shi kafin ya wartsake,
amsar jiya zai ba shi.
Da amsar jiya ƙanen Torleif ya fita a daren nan,
dutse ya tsaga cikin jirginsa.
Ba wanda ya mutu.
Jirgin ne dai bai ƙara ganin ruwa ba.
Nan ya tsaya, inda kike tsaye,
agogo a tafin hannu, yana ƙirge
har gemunsa ya daskare.

Na koma na buɗe takardar bayani,
wadda shekara goma ke cewa "za a cike nan gaba".
Na rubuta akwatin, na rubuta sanyin,
na rubuta sunan jirgin, ko da yake na'ura ba ta buƙata.
Shafi biyu suka tafi wajen fassara kalma uku.

Nahuel ya amsa da safiyarsu:
tekunmu ba ya irin wannan sanyi,
amma ƙasarmu kan girgiza, mu ma muna da namu lambobin.
Ya janye biyunsa.
Ya mayar da layin abin da kowace tasha za ta zaɓa,
wanda bai zaɓa ba, sha bakwai ce rabonsa.
Ya juya shafukana zuwa harshensu,
ya tambaye ni yadda ake furta Torleif.

Yanzu kafin in goge layin da ban gane ba,
nakan cire hannu daga allo,
in dubi duhun taga,
in fara: ɗaya, biyu, uku,
ba na sauri.