Bayan Gilashi, a Valparaíso

Shekara talatin Evaristo Quilodrán
yana ɗauko kwantena daga jirgin ruwa,
ya dire ta kan 'yar'uwarta,
ko ƙwai ba zai fashe ba.

Yau an zaunar da shi gaban kwamfuta:
"Nemi ranar ganin likitan zuciya.
Abin da ya zo ranka, faɗe shi."

Ina bayan gilashi, ba ya ganina,
an hana ni tari, balle nuni.
Ga maɓallin nan kore shar,
wata huɗu ina goge masa kusurwa.

Kibiyarsa ta tsallake shi sau uku.
Na rubuta a kai: Ci gaba.
Shi kuwa Likita yake nema.

Minti tara. Ya zare tabarau,
ya share da bakin riga:
"A yi haƙuri, kan ne ya tsufa."

Haƙurin nan ya hana ni barci.
In baƙo ya yi tuntuɓe a dokin ƙofa,
magini za a tambaya.

Kafin gari ya waye na sauya kalma ɗaya.
Can tashar ruwa, ƙugiyoyi na ta dire kaya
daidai inda aka ce.