Kunnen Hagu na Bachisio

Da asubar wata Talata, a kan tsaunukan Sardiniya,
Bachisio ya farka ya tarar rabin duniya ya yi ƙaura.
Bai faɗi ba, bai kwana da zazzaɓi ba.
Kunnen hagu ne kawai ya kulle ƙofa ta ciki,
ya bar masa wani siririn fito
wanda ba mai jin sa sai shi.

Likitar garin Nuoro ta ja layi biyu a takarda,
ɗaya na tafe bisa tudu, ɗayan ya gangara kwari.
Ta ce, "Wannan ya tafi ke nan."
Ya ce, "Tumaki ɗari da arba'in gare ni,
kowace da ƙararrawa a wuya.
In gajimare ya sauko, da me zan neme su?"

Yana da gaskiya.
Kunnuwa biyu awo suke yi:
sauti ya taɓa wannan kafin ya kai wancan,
da tazarar da ba ta kai ƙiftawar ido ba,
ƙwaƙwalwa ta auna, ta ce ga shi can.
Yanzu sikeli ya rasa kwano ɗaya.
Kare ya yi haushi a hagu, ya waiga dama.
Gavina ta kira shi daga ɗakin cuku,
ya amsa wa itacen zaitun.
Ranar sausayar ulu, da aka zauna cin abinci,
muryoyi suka cakuɗe kamar zaren da kyanwa ta samu,
ya yi dariya a inda ba a yi raha ba,
ya dawo gida a gajiye, alhali bai ɗauki kaya ba.

Amma ƙwaƙwalwa ba ta daɗewa a zaman makoki.
Cikin duhun ƙoƙon kai, ba sallama, ba shela,
ɓangaren da ya saba jiran saƙon hagu
ya gaji da tsaron ƙofar da ba a ƙwanƙwasawa,
ya ja kujerarsa kusa da maƙwabci,
suka kasa kunne ɗaya su biyu.

Sannu a hankali suka gano wani abu:
ƙarar da ta zagayo ta bayan kai
takan iso a dushe, an rage mata kaifi,
kamar wuƙar da ta sha yankan igiya.
Wadda ta zo kai tsaye kuwa, da haƙoranta take zuwa.
Lanƙwasar fatar kunne ma, ashe, tana da abin faɗa.
Wuya ya koyi karkata irin ta tsuntsu.
Ido ya fara karanta leɓe ba da izinin kowa ba.

Gavina, bayan shekara talatin da ɗaya
tana tafiya a hagunsa,
ta koma dama, ba ta ce komai ba.
A coci ya zaɓi bencin da bango ke hagu.
Daren da iska ta yi ta dukan rufi
ya danne kunnen kirki da matashi,
ya yi barcin da rabonsa da shi tun yana yaro.

Watan Maris, gajimare ya kwanta a kan makiyaya.
Ya ƙirga, ya sake ƙirgawa. Saura ɗaya.
Ya tsaya cik. Fiton nan na nan, ya ƙyale shi.
Can, wata ƙararrawa, ba gabas ba yamma.
Ya juya kai kaɗan: ta dushe.
Ya mayar: ta yi kaifi.
Ya bi kaifin, ya ɓace, ya tsaya, ya sake juyawa.
Sau uku dutse ya yaudare shi da amsa-kuwwa.

Ya same ta a ƙarƙashin wani kurmin ƙaya,
tana lasar ɗan da ta haifa yanzun nan.
Ya saɓa jaririn a kafaɗar dama
don ya ji kukansa har gida.