Kwalba Ɗaya, Hanta Biyu

Mu biyu muka raba ta, ni da Barau,
bayan gareji a hanyar Jibiya.
Kofin roba ɗaya, awo ɗaya,
bai fi ni ko da ɗigo ba.

Ni na kwana, na tashi da sarawar kai.
Shi ya jingina da tsohuwar taya
yana minshari. Na ce barci ne,
har hularsa na gyara masa.

Likitar Katsina ta ajiye biro:
"Hanta ba ɗaya ba ce, kowa da wadda ya gada.
Taka wutar kara ce,
tasa ɗanyen ice; guba ta taru
har ta zauna kan numfashi.
Kada ka yi alfahari,
taka ma lissafi take rubutawa."

Na san gadon gona.
Na san wushiryar gidansu, kaka har jika.
Wannan gadon, wa ya raba shi?

Innarsa ta ce, "Me ya ci jiya?"
Na ce tsire.
Mabuɗin babur ɗinsa yana aljihuna har yau,
ya fi turmi nauyi.